Keke mai caji a Birnin Kebbi: batir ne zai raba gardama

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cewa tallafin mai ya ƙare, zuwa wurin aiki ya zama abin da magidanci ke zama ya yi wa lissafi tare da cefane. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kai 617 a watan Yulin shekarar, kafin ƙarshen 2024 kuma ta tsallake 1,000. Ta ɗan sassauto daga baya, amma ko waiwayen inda ta fito ba ta yi ba. A Birnin Kebbi, inda mashin ne ƙafar kowa tun daga malamin firamare har ma'aikacin sakatariya, abin ya fi ciwo, domin sai man ya ratso ƙasar nan tun daga kudu kafin ya iso, kowace tanka kuma da kuɗin hanyarta. A 2024 mafi ƙarancin albashi a jihar ya koma naira 75,000. Wanda ke shan lita guda kullum, kusan sulusin wannan kuɗi a hayaƙi yake tafiya.

Shi ya sa zancen keke mai caji, wanda ya fara ɓullowa a garuruwan Arewa, yake samun masu saurare. Da ka ambace shi a majalisa kuwa, amsar ɗaya ce: "To, Malam, ina wutar?" Tambaya ce mai ma'ana, sai dai a ganina ba ita ya kamata a fara yi ba. Wuta ita ce ƙaramar matsalar wannan abin hawa. Babbar tana cikin akwatin da ke ƙarƙashin sirdi.

Abubuwa uku ne ake haɗawa a kira su da suna ɗaya. Akwai keke sosai, mai feda da kaca, wanda aka ƙara wa ɗan injin lantarki don ya taya ƙafa aiki. Wannan ne Turawa suka fi hawa, dokarsu kuma ta tsayar da ƙarfin injin a wat 250, taimakonsa ya yanke idan gudu ya kai kilomita 25 a awa. Akwai ɗan ƙaramin nan mai siffar mashin roba-roba, mai totur a hannu da kwando a gaba, wanda fedarsa ta ado ce kawai. Shi ne ya cika titunan ƙasar Sin, inda ake da irin waɗannan kekuna fiye da miliyan 300, shi ne kuma ya fi shigowa kasuwanninmu. Na uku babur ne cikakke, mai ƙarfin ɗaukar fasinja da kaya, wanda batirinsa kaɗai kan fi ƙaramin keken kuɗi. Maganar ma'aikaci da ɗalibi da ɗan kasuwa mai zuwa shago da safe ya dawo da yamma, a kan biyun farko take.

Garin kansa ya dace da su. Birnin Kebbi ba Kano ba ce, ba ta da cunkoson da zai tsayar da mutum awa guda, ba ta kuma da hawa da gangara irin na Jos. Tana zaune a kan tudu, fadamar Rima na shimfiɗe a gefenta, manyan titunanta masu faɗi ne. Mutumin Badariya ko Nasarawa ko Rafin Atiku da ke aiki a sakatariyar Gwadangaji, ko asibitin Sir Yahaya, ko kwalejin kimiyya da fasaha ta Waziri Umaru, da wuya zuwa da dawowarsa su wuce kilomita 20 a yini, ko da ya biya kasuwa ya kuma sauke yara a makaranta. Ƙaramin keke mai batir lafiyayye yana yin kilomita 35 zuwa 45 a caji guda. Dillali zai ce maka 60 ko 70. Wannan lissafin mutum marar nauyi ne a kan kwalta mai santsi, ba iska, ba goyo, batir kuma sabo fil. Ka rage sulusi daga duk abin da ya faɗa, sai ka kusanci gaskiya.

Yanzu ga wutar. Akwai abin dariya mai ban takaici a nan: Birnin Kebbi ce mararrabar lantarkin wannan yanki gaba ɗaya. Babban layin da ya taso daga madatsar Kainji a nan yake sauka, daga nan ake tura wuta Sakkwato, daga nan kuma wani layin ya tsallaka iyaka ya nufi Yamai. Da aka yi juyin mulki a Nijar a watan Yulin 2023, wannan layin ne Nijeriya ta katse a Agusta, ba a maido ba sai Maris na 2024. Da gobara ta tashi a tashar lantarkin Birnin Kebbi a watan Satumban 2023, Kebbi da Sakkwato da Zamfara duk suka shiga duhu. Wato gari ne da wuta ke ratsawa, amma mazauninsa bai isa ya ce ga lokacin da kamfanin rarraba wuta na Kaduna zai kawo ta ba. Mai tambayar "ina wutar" bai yi ƙarya ba.

Abin da bai lissafa ba shi ne ƙanƙantar abin da keken ke ci. Batir mai bolt 48 da amfiya 20, wanda shi ne babba a cikin ƙananan, bai cika yunit ɗaya na mita ba, ko an haɗa da abin da caja ke ɓatarwa yunit ɗaya ne da 'yan kai. Cajar kanta ba ta jan wutar da ta wuce ta fankar sama guda biyu, dutsen guga ya ninka ta sau biyar ko shida. Wanda tafiyarsa kilomita 20 ce, rabin batirin yake ƙonawa, awa uku ko huɗu na wuta sun mayar masa da abin da ya kashe. Farantin sola guda mai wat 300, a ranar Kebbi da ba ta rowa, yana tara fiye da yunit ɗaya a yini. Mutanen da suka riga suka saba kai waya shagon caji, manoman da suka fara jan ruwan shinkafa da famfon sola a fadama, ba su ne za a koya wa wannan ba. Abin da ya fi rashin wuta haɗari ma shi ne irin wutar da ake kawowa, ta yi ƙasa har ƙwai ya yi ja, can kuma ta dawo da ƙarfi ta ƙone caja. Mai keke yana bukatar sitabilaiza kafin ya bukaci janareto.

To, mu zo kan kuɗi, a nan ne masu talla ke yin rabin lissafi su tsaya. Mashin irin Boxer yana yin kilomita 40 zuwa 50 a lita. Idan lita tana naira 900, kowace kilomita ta tashi kimanin naira 20, ban da baƙin mai da fulogi da kaca. Keken caji kuwa, ko da farashin wuta mafi tsada aka yi masa hisabi, wato naira 225 a yunit da aka ɗora wa masu shan wuta 'yan rukunin A a watan Afrilun 2024, kilomitarsa kimanin naira 6 ce, wanda ke ƙananan rukunai kuma ƙasa da haka sosai yake biya. Naira 6 a gaban naira 20, ai magana ta ƙare. Haka ake faɗa, kuma a nan kuskuren yake, domin batir ma ƙonewa yake yi, a hankali, ba hayaƙi. Mu ƙaddara, don misali kawai, sabon batir naira 150,000 ne, kuma zai jure caji cikakke sau 500. Kilomita 20,000 ke nan, kowace ɗaya naira 7 da rabi. A haɗa da wuta, an tashi 13 zuwa 14. Har yanzu akwai riba, kuma mai kauri. Amma idan batirin ya mutu a rabin wa'adinsa, kilomita ta koma naira 21, an dawo daidai inda mai mashin yake, ga shi kuma sai an nemo dubu ɗari da hamsin a dunƙule. Sayen keke mai caji tamkar sayen man shekara biyu ne a zuba a jarka a ajiye a ɗaki. Duk ribar tana kan ko jarkar na yoyo.

Abin da ke sa ta yoyo a ƙasar Kabi shi ne zafi. Masu ƙera batir suna auna tsawon ransa ne a ma'aunin zafi 25. A Birnin Kebbi, daga Maris zuwa Mayu, 40 ba labari ba ne, kwalta da ƙarfen da suka yini a rana kuma sun fi iskar zafi nesa ba kusa ba. Batirin dalma, irin wanda ake jera guda huɗu masu bolt 12 a ƙarƙashin mafi yawan kekunan masu araha, ƙa'idar da masana suka sani a kansa ita ce duk ƙarin zafi na digiri 8 zuwa 10 yana raba ransa biyu. Ga nauyi, huɗun sukan haura kilo 25, ba mai cire su ya shiga da su ofis. Ba ya kuma son a tatse shi ƙarƙaf, ba ya son a bar shi kwana da kwanaki babu caji, abubuwa biyun da rashin wuta ke tilasta wa mutum. Batirin litiyam bai kai rabin wannan nauyi ba, ya fi daɗewa, ana zare shi a riƙe a hannu, amma ya fi tsada, shi ma kuma yana da nasa sharuɗɗan: ba a cajinsa idan zafinsa ya haura 45, yana tsufa da wuri idan aka cika shi fal aka bar shi a rana. Akwai wani nau'insa mai sinadarin ƙarfe, wanda masu sola suka sani da LFP, da ke jure zafi fiye da sauran, yana kai caji dubu biyu ko fiye, ba ya kuma saurin kamawa da wuta. Da ni ake tambaya, wannan ne batirin ƙasarmu, ko da ya fi ɗan nauyi.

Ka duba yadda ma'aikaci zai yi da kekensa a ranar Afrilu. Ya iso ofis ƙarfe takwas, inuwar darbejiyar da ke harabar motocin manya sun riga sun cinye ta, sai ya jingine shi jikin katanga. Kafin azahar sirdin ba ya taɓuwa. Ƙarfe huɗu ya hau ya murɗa totur har ƙarshe, ya iso gida batirin na huci, ya tarar an kawo wuta, sai ya yi maza ya jona kafin a ɗauke. Babu wanda zai ga laifinsa, amma a yini guda ya yi wa batirin duk abin da ba ya so. Gyaran ba shi da tsada: inuwa, a bar shi ya huce ko da na rabin awa ne kafin a jona, kada a jira sai ya mutu murus, a kuma yi cajin da dare ko da hantsi.

Ba a ɗaki ba, amma. Batirin litiyam marar kyau, ko wanda aka haɗa da cajar da ba tasa ba, idan ya kama wuta ba ya jin ruwan bokiti, hayaƙinsa kuma guba ne. A birnin New York na Amurka, hukumar kashe gobara ta ƙirga gobara 268 daga irin waɗannan batura a 2023, mutum 18 suka rasu. A Nanjing ta ƙasar Sin, gobarar da ta tashi daga inda ake ajiye kekunan a ƙasan wani bene ta kashe mutum 15 a Fabrairun 2024. Mu da muke kwana da yara a ɗaki ɗaya, ƙofa ɗaya, taga da ƙarfe, wurin cajinmu tsakar gida ne ko rumfa, nesa da katifa da jarkar fetur, ba kuma zauren da shi ne kaɗai mafita ba. A kasuwa akwai baturan da aka harhaɗa daga tsofaffin ƙwayoyin batirin kwamfuta aka naɗe da sabuwar leda. Araha ba ta ado. Na dalmar ba ya tashin gobara irin wannan, nasa sharrin sai ya mutu yake fitowa, lokacin da 'yan gwangwan za su fasa shi su zubar da ruwan a ƙasa su narka dalmar a bayan gida. Wanda ya tuna yaran da gubar dalma ta kashe a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010, ɗaruruwa, ya san ba abin wasa ba ce, ko da yake waccan daga dutsen zinariya ta fito.

Sai hanya. A kan kwalta keken ba shi da matsala, amma unguwanni da yawa da ka sauka daga babban titi yashi ne, ƙaramar taya kuma nutsewa take yi, injin ya yi ta jan wuta yana zafi. Da damina, kududdufin da mashin zai keta ya wuce, idan ya kai tsakiyar tayar baya, inda injin yake, to an shiga uku. Ga ƙaya. Faci a tayar baya ba irin na keken da muka sani ba ne, domin wayar injin ta cikin sandar tayar take fitowa. Mai facin da bai taɓa gani ba zai sa sifana ya kwance, ya fizgo tayar yadda ya saba, wayar ta tsinke daga ciki, facin naira ɗari biyu ya zama gyaran dubbai. Bakaniken mashin ya san kafireto da fistin, a nan kuwa babu ko ɗaya. Akwai batir, da akwatin da ke raba wuta, da injin, da wayoyi. Mai gyaran waya da mai haɗa sola sun fi shi kusa da sana'ar. Kafin mutum ya saya, ya fara sanin wa zai gyara masa a cikin gari, kuma ko sai an aika Kano ko Legas kafin a sami caja.

A nan ne nake ganin kwalejin Waziri Umaru tana da gadon da ya kamata ta karɓa. A cikinta Jelani Aliyu ya karanta zanen gine-gine daga 1986 zuwa 1988, kafin ya tafi Detroit, ya shiga kamfanin General Motors, ya zana motar Chevrolet Volt mai aiki da lantarki. Da ya dawo ya shugabanci hukumar ƙera motoci ta ƙasa daga 2017, a zamaninsa aka buɗe tashar cajin motoci mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato a 2021. Makarantar da ta yaye wannan mutum ba za ta gaza koya wa matasa auna ƙwayoyin batir da gyaran akwatin wuta a kwas na wata uku ba. A kudancin jihar ma, a Libata ta ƙaramar hukumar Ngaski, litiyam ɗin ake haƙowa daga ƙasa, ya tafi a matsayin dutse ya dawo mana a matsayin batir da kuɗin dala.

Akwai inda keken ba zai je ba, gara a faɗa. Argungu tana da nisan kimanin kilomita 50. Wanda ke zaune a Birnin Kebbi yana koyarwa a kwalejin Adamu Augie ko yana aiki a kamfanin shinkafa na WACOT, batir guda ba zai kai shi ya dawo da shi ba, tafiyar awa biyu kuma a gefen tireloli da motocin haya ba hikima ba ce. A cikin Argungu kanta, daga gida zuwa kasuwa ko asibiti ko makaranta, ya fi ma dacewa, don garin ya fi ƙanƙanta. Kalgo, inda jami'ar tarayya take, da Ambursa suna bakin iyaka: ana zuwa, amma sai da batir mai kyau da wurin jonawa a can. Manomin da zai gangara fadama ta Dukku da buhun taki da injin ban-ruwa, ya riƙe mashinsa. Ɗan kabu-kabu ma haka, shi da ke yini a kan titi ba zai tsaya awa biyar yana jiran caji ba. Abin da ya yi wa irinsa aiki a wasu ƙasashe shi ne musayar batir, ka kawo wanda ya ƙare a ba ka cikakke cikin minti biyu, kamar yadda kamfanin Ampersand ke yi a Kigali, Spiro kuma a Kwatano da Lome. Wannan sai kamfani mai jari da tashoshi, ba abin da mutum ɗaya zai fara ba ne.

Saura abin da ba a auna shi da mita, wato girma. Akwai zamanin da Raleigh ke cikin kayan alfahari, malamin makaranta ya karɓi bashin keke ya yi ta goge shi da tsumma ranar Juma'a. Da mashin ya zo, keke ya koma na yara da wanda bai samu ba. Ministan sufuri Ojo Maduekwe ya yi ƙoƙarin dawo da martabarsa a 2001, har ya riƙa hawa zuwa taron majalisar zartarwa a Abuja, sai mota ta ture shi cikin kwata, aka yi ta dariya, zancen ya mutu. Amma Maiduguri ta nuna cewa kunyar ba ta da zurfi: da aka hana hawa babur a 2011, manya da yara, har da 'yan mata masu zuwa makaranta, suka koma keke, gari bai tsaya ba. Keken cajin kuma ya kawar da babban abin da ke hana mai babbar riga taka feda a watan azumi, ba ya isa ofis jiƙe da gumi. Ga malamar asibiti ko ta makaranta da ke biyan Keke Napep sau biyu ko huɗu a yini, keken da ba shi da ƙarfe a tsakiya yana hawuwa da zane da hijabi, in dai an kula da bakin hijabin kada ya shiga taya.

Shirun keken ne abin tsoro. Mutanenmu da kunne suke tsallaka titi, awaki ma haka, wannan kuwa sai ya iso ake ganinsa. Da yake ba ya ƙara, ba ya bukatar giya, iyaye na ɗaukarsa abin wasa su miƙa wa yaro ɗan shekara goma, alhali abin da ke gudun kilomita 40 a awa mashin ne, ko da me yake tafiya. Ƙasar Sin ta ja layi a ƙa'idarta ta 2019: kilomita 25 a awa, kilo 55, bolt 48, da feda mai aiki; abin da ya wuce haka ta ɗauke shi babur, sai da lamba da lasisi. Irin wannan layi muke bukata tun kafin su yi yawa, don kada a wayi gari jami'in hanya da mai keke suna gardama a shataletale kowa da tasa dokar.

Idan gwamnatin jiha na son sa hannu, raba kekuna kyauta a filin taro shi ne mafi raunin abin da za ta yi, domin ranar da baturan suka mutu tare, a lungu za a jingine su. Abin da ya fi amfani ba shi da armashin hoto: rumfa mai rufin sola a sakatariya, da manyan asibitoci, da kwalejin Waziri Umaru, da babbar kasuwa, da mai gadi da soket. Rana tana fitowa ne lokacin da keken ke wurin aiki, ba lokacin da yake gida ba, rumfar kuma ta ba shi inuwa da wuta da tsaro daga ɓarawo a lokaci guda. Sai bashin da za a riƙa cira daga albashi ta hannun ƙungiyoyin ma'aikata, wanda wa'adinsa bai wuce ran batirin ba, da sharaɗin duk dillalin da zai shiga tsarin ya ajiye kayan gyara a Birnin Kebbi, ya kuma karɓi tsohon batir idan an zo sayen sabo.

Shi kuwa mai saye, idan ya shiga shago kada launi da fitila su ɗauke masa hankali. Ya ce, "Alhaji, buɗe mini in ga batirin." Ya karanta bolt da amfiya da ranar ƙira da idonsa, ya tambayi nawa ne sabonsa yau, a wane shago, ya kuma nemi garantin wata nawa za a ba shi, a rubuce a bayan rasit, da sa hannu.